Me ke bayan ƙofar da aka garƙame? Amsa ga mai neman labaran soyayya na Gotik marasa batsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina son ƙagaggun labaran Turanci irin waɗanda yarinya za ta shiga wani tsohon gida mai ban tsoro, ga soyayya, ga wani asirin dangi da ake ta ɓoyewa. An ce mini sunansu Gotik. Sau biyu ina sauke littafi a waya saboda bangonsa ya burge ni, ban kai tsakiya ba na goge shi saboda batsa. Ga ƙanwata mai shekara 16, duk abin da na karanta sai ta ɗauka. Waɗanne zan karanta hankali kwance, kuma yaya zan gane tun kafin in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da kike nema shi ne ɗan gida a wannan fanni. Batsar ce baƙuwa, kuma ba ta daɗe da sauke kayanta ba. An yi kusan shekara 200 ana rubuta irin waɗannan labarai, akasarinsu marubuci bai taɓa bin miji da mata cikin ɗaki ba. Sai dai tun da wuri zan ja kunnenki a kan abin da ke kayar da mutane. A labarin Gotik ƙofa biyu ce: ta ɗakin kwana, da wadda aka garƙame a can ƙarshen bene aka hana kowa kusantarta. In mai sayar da littafi ya ce miki littafinsa mai tsabta ne, ta farkon kawai yake nufi. Ta biyun babu mai ba ki lamuni a kanta. Akwai littafin da saurayi da budurwa ba su wuce riƙe hannu ba, amma abin da za a tarar in an ɓalle kwaɗon ƙofa ta biyu, ke kanki sai kin yi kwana biyu abinci bai yi miki daɗi ba, balle yarinya ƙarama.

Sunan ya samo asali ne daga Goth, wata ƙabila ta mutanen Turai na dauri da ta ci birnin Rum a shekarar 410. Daga baya aka laƙaba shi wa salon ginin manyan majami'u na da, masu dogayen tagogi da bakan gizo mai tsini. A 1764 Horace Walpole, ɗan firaministan Ingila na farko, ya fitar da The Castle of Otranto. Bai yarda ya sa sunansa ba, sai ya ce fassara ce ta wani tsohon littafin Italiya da aka buga a 1529. Da ya ga littafin ya samu kasuwa, a bugu na biyu ya amsa cewa nasa ne, ya kuma kira shi labarin Gotik. Waɗanda suka zana adabin Turanci a jarrabawar WAEC tsakanin 2016 da 2020 sun san shi. Ɗalibaina dariya suke yi a kan ƙatuwar hular ƙarfen nan da ta faɗo ta murƙushe ango ranar ɗaurin aurensa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma in kin cire hular, ga abin da ya rage: sarautar da Manfred, mahaifin angon, yake kai ba tasa ba ce, kakansa ne ya sa wa mai ita guba ya ƙirƙiri wasiyyar ƙarya, magajin gaskiya kuwa yana yawo cikin tsumman talaka. Duk labaran da suka biyo baya a kan wannan ƙashin aka ɗora su.

Wadda ta mayar da fannin na mata ita ce Ann Radcliffe. A 1794 aka biya ta fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho, kuɗin da ba a saba ba marubucin ƙagaggen labari ba a lokacin. Ita ta kawo marainiyar da aka kai wata fada a kan duwatsun Italiya, mijin gwaggonta yana matsa mata ta sa hannu ta sallama masa dukiyar gado. Ita kuma ta kafa dokar da nake so ki riƙe: duk fatalwar da aka gani, daga ƙarshe sai an yi bayaninta. A cikin littafin yarinyar ta ɗaga wani baƙin labule, ta ga abin da ta gani, ta faɗi sumamma. Radcliffe ba ta gaya wa mai karatu ko mene ne ba sai bayan ɗaruruwan shafuka, ashe mutum-mutumin kakin zuma ne aka yi da siffar gawa. A ganinta tsoron da ke tada hankali ta hanyar ɓoyewa daban, ƙyamar da ke zuwa in an baje komai a fili daban, kuma na farkon ta fi daraja. Kin ga ke nan kamun kai na waɗannan littattafai ba wani abu ba ne da aka yanke daga jikinsu don a faranta wa iyaye rai. Da ɓoyon suke numfashi. Ban ce ki fara da Udolpho ba fa, yana da tsawon da zai gajiyar da mai haƙuri, kuma yarinyar tana suma fiye da ƙima.

Yanzu ga abin da na fi so ki fahimta, domin in kin gane shi za ki riƙa hango asirin littafi tun daga babi na uku. Asirin gidajen nan kusan kullum ɗayan uku ne: aure, gado, ko asali. Dalili kuwa dokar Ingila ce ta wancan zamani.

Wata rana muna karanta Jane Eyre a aji, littafin da Charlotte Brontë ta fitar a 1847 da sunan aro na Currer Bell. Wannan kam zan tona asirinsa, ya yi shekara sama da 170 a kasuwa. Mun zo wurin ɗaurin aure. Jane marainiya ce, malamar gida mai albashin fam 30 a shekara, ga ta tsaye a coci kusa da maigidanta Rochester. Limamin ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda ya san wani abu da zai hana wannan aure. Sai wata murya daga baya ta ce akwai. Lauya ne, ya zo da shaida cewa angon yana da mata, ya aure ta a Jamaika shekara 15 da suka wuce, tana nan da ranta, ta samu taɓin hankali, kuma a saman benen gidan da Jane take kwana ake tsare da ita. Ajin ya yi tsit. Can sai wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, to me ya hana ya ƙara ta ta biyu, ya ci gaba da jinyar uwargidan?” Aka fashe da dariya, amma ni a wurina babu tambayar da ta kai tasa a wannan zangon. A Ingila auren mace ta biyu alhali ta farko tana raye laifi ne na ɗauri. Saki kuwa, kafin 1857 sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka ta musamman a kan auren mutum ɗaya, abin da sai attajiri, kuma a duk tsawon zamanin 'yan ɗaruruwa ne suka samu, mata huɗu kacal a cikinsu. Taɓin hankali ma bai zama hujjar saki ba sai a 1937. Ga shi ba dama ya ƙara, ba dama ya rabu, gaba kura baya sayaki. Daga nan ƙarya ta samu wurin shiga.

Haka batun gado yake. Mu mun saba in mutum ya rasu a zauna a raba, kowa da rabonsa, mace ma da nata, kuma dukiyarta tata ce ko ta yi aure. A manyan gidajen Ingila babban ɗa namiji ne yake kwashe gida da gonaki gaba ɗaya, ƙannensa su nemi aikin soja ko na coci. Mace in ta yi aure, abin hannunta ya koma na miji, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan. Ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba kuwa, a wancan zamani, ba ya gadon ko da allura, ko da iyayen sun yi aure daga baya. To ki duba: in dukan arzikin zuri'a yana rataye a wuyan mutum ɗaya, kuma layi ɗaya a rajistar aure yana iya mayar da mai gida ɗan haya, me zai hana a ɓoye takarda, a ƙona wasiyya, a musanya jariri, a kai mai lafiya gidan mahaukata? Ruwa ba ya tsami banza. Ita ma malamar gidan da ke cika waɗannan labarai ba ƙirƙira ba ce. A ƙidayar 1851 an samu irinsu sama da 20,000 a ƙasar. 'Yar mutunci ce mai ilimi wadda talauci ya fitar, ba ta cin abinci da barori, ba ta kuma cikin dangi. Tana jin komai, ba a gaya mata komai. Babu idon da ya fi nata dacewa da leƙen asirin gida.

Jane Eyre shi ne na farko da zan miƙa miki, kuma ba don babu batsa kawai ba. Bayan asiri ya tonu, Rochester ya roƙe ta ta bi shi kudancin Faransa su zauna ba aure, ya ce ai ba ta da kowa, wa zai sani, wa zai damu? Tana sonsa kamar ranta, amma kafin gari ya waye ta sulale ta fita da sule 20 a jakarta, ta kwana a daji, ta yi bara. Wannan babin ya fi wa'azi goma. Abin da ban yafe wa littafin ba shi ne yadda ya siffanta matar da ke sama kamar dabba, alhali da fam 30,000 ta shigo gidan, kuma ba a taɓa ba ta baki ta faɗi nata ba. In ƙanwarki ta karanta, ki tambaye ta ra'ayinta a kan wannan baiwar Allah.

In bincike ya fi jan ki a kan soyayya, ki nemi The Woman in White na Wilkie Collins, wanda ya fito kashi-kashi a mujalla daga 1859 zuwa 1860. Wani malamin zane yana tafiya da tsakar dare a hanyar Landan, sai ya ji an dafa kafaɗarsa, ya waiga ya ga mace sanye da fararen kaya tana tambayar hanya. Collins ya karanta shari'a, saboda haka ya tsara labarin kamar zaman kotu, shaidu suna karɓar magana ɗaya bayan ɗaya. Asirin yana cikin ukun nan da na lissafa, ba zan faɗi wanne ba. Babu abin kunya a cikinsa, kuma yayar amaryar, Marian, tana cikin mata mafi kaifin basira da na taɓa gamuwa da su a littafi.

Sai Rebecca na Daphne du Maurier, 1938. Wannan kam duk wadda ta taso a inda ake zama da kishiya za ta gane shi fiye da Baturiya. Yarinya talaka, marubuciyar ko suna ba ta ba ta ba, ta auri attajirin da matarsa Rebecca ta rasu, ya kai ta gidansa Manderley a bakin teku. Ta tarar uwargidan ba ta fita ba. Sunanta yana jikin matasan kai da takardun wasiƙa, abincin da ta tsara ake dafawa, ɗakinta yana nan a gyare da rigar barcinta a kan gado, kuma babbar mai kula da gidan tana bin amarya da ido tana auna ta da marigayiya. Kishiya mai rai ana iya ganin ta tashi da kwantsa a ido, ana iya jin ta yi kuskure. Matacciya kuwa kullum ƙara kyau take yi. Ita marubuciyar da kanta ta ce nazarin kishi ta rubuta, mutane ne suka mayar da shi labarin soyayya. Ƙofar ɗakin kwana a rufe take ruf a wannan littafi. Amma a bayan ƙofa ta biyu akwai cin amanar aure da zubar da jini, kuma du Maurier ta iya alƙalami har ta sa mai karatu ya riƙa fatan kada a kama wanda ya kamata a kama. Da mai shirya finafinai Hitchcock ya mayar da shi fim a 1940, dokar tace finafinan Amurka ta lokacin ta tilasta a sauya wannan wurin. Ke ki karanta, littafi ne da ba a mantawa. Ƙanwar kuwa ta ɗan dakata, ko ku karanta tare.

Inda za ki samu abin da kika kwatanta daidai wa daida shi ne tsakanin 1955 zuwa farkon shekarun 1970. A wannan zamanin aka yi ambaliyar ƙananan littattafai masu laushin bango, kuma har yau in kika tsuguna gaban mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi kina iya cin karo da su, takardar ta yi ja tana warin ajiya. Ba sai kin karanta suna ba, bangon zai gaya miki: mace cikin doguwar riga tana gudu da dare, ta waiwayo, a bayanta wani ƙaton gida baƙi ƙirin, taga ɗaya tak ke da haske a can sama. In kin ga wannan hoton kuma shekarar bugun farko ba ta wuce 1972 ba, da wuya ki ci karo da abin da zai sa ki rufe littafin.

Gwanarsu a wurina Mary Stewart ce. Nine Coaches Waiting, 1958, labarin Linda Martin ne, wadda aka ɗauka ta koyar da wani maraya ɗan shekara 9 a wata fada a tsaunukan Faransa. Yaron shi ne mai gidan da duk abin da ke ciki, baffansa yana riƙe masa har ya girma. Linda ta lura masu gidan sun nace sai wadda ba ta jin Faransanci, sai ta ɓoye cewa tana ji, ta riƙa sauraro. Daga nan harsashi ya wuce ta gefen yaron a daji, daga nan makarin baranda ya saki. Ga kuma ɗan baffan, wanda zuciyarta ta karkata gare shi, ba ta san ko da hannunsa ba. Abin da ya ɗaga Stewart a kan sauran shi ne 'yan matanta suna da hankali. Ba sa bin ƙarar takalmi cikin duhu da kyandir don wauta, in sun shiga haɗari to akwai wani mai rauni da suke karewa. The Ivy Tree nata na 1961 ma ki neme shi, labarin wadda aka sa ta yi shigar magajiyar da ta ɓace.

Victoria Holt ita ta buɗe kasuwar da Mistress of Mellyn a 1960: malamar gida, gidan dutse a yankin Cornwall mai ramukan leƙe a bango, maigidan da ba ya fara'a, da matarsa da aka ce ta mutu a hatsarin jirgin ƙasa. Sunan aro ne, ainihin sunanta Eleanor Hibbert, kuma ita ce Jean Plaidy, ita ce Philippa Carr. An daɗe ana zaton du Maurier ce ta ɓoye sunanta. Littattafanta na farko, irin su Kirkland Revels da Bride of Pendorric, babu abin ƙi. Amma a nan ne zan nuna miki cewa sunan marubuci kaɗai ba ya isa: The Demon Lover nata na 1982, jarumin fyaɗe ya yi wa jarumar, kuma labarin ya ci gaba da neman a so shi. Ki tsallake shi. A Amurka kuma akwai Phyllis Whitney, wadda aka haifa a Japan a 1903 ta rayu shekara 104. Rubutunta bai kai na Stewart daɗi ba, tana yawan maimaita kanta, amma ita ce wadda zan miƙa wa yarinya ido rufe.

Me ya faru tsakanin 1960 da 1982? A 1972 kamfanin Avon ya buga The Flame and the Flower na Kathleen Woodiwiss, littafin soyayyar da ya bi masoya har kan gado, aka saye shi kamar ba gobe. Sauran kamfanoni suka ga inda kuɗi yake. Kafin ƙarshen shekarun 1970 matar da ke gudu daga gida ta ɓace daga bango, aka maye gurbinta da rungume-rungume. Waɗanda suka ci gaba da rubuta Gotik kuma suka ƙara wa asirin yaji. Flowers in the Attic na 1979 shi ne babban misali: uwa da kaka sun kulle yara huɗu a saman bene saboda gado, abin da ya biyo baya tsakanin wa da ƙanwa ba ya faɗuwa. Ana yawan jera shi cikin labaran asirin dangi, kuma 'yan mata da yawa sun faɗa masa ba su sani ba. The Thirteenth Tale na 2006 rubutu ne mai kyau ƙwarai, amma shi ma da irin wannan ƙazanta a gindin asirinsa. Ko a zamanin Radcliffe ma an yi The Monk, 1796, wanda tsufansa ba zai sa ya zama na yara ba. Wuthering Heights kuwa babu batsa, sai dai mugunta da ramuwar gayya tun daga farko har ƙarshe, kada ki shige shi da niyyar soyayya mai sanyi.

A cikin marubutan yanzu akwai masu rubuta mai tsabta da gangan, kuma yawancinsu daga kamfanonin ɗab'i masu alaƙa da addini suke a Amurka. Julie Klassen tana bugawa a Bethany House, kamfanin Kirista. The Secret of Pembrooke Park nata na 2014 ya dace da buƙatarki: iyalin da suka yi karayar arziki an ba su aron wani gida da aka rufe shekara 18, suka tarar da kofunan shayi a kan tebur yadda aka bar su, ga jita-jitar ɓoyayyen ɗaki. Sai dai ki shiga da saninki, akwai addu'o'i da ayoyin Baibul da darasin imanin Kirista a ciki. Wasu masu karatu Musulmi suna wucewa abinsu, wasu ba sa so, ke kika san gidanku. Kamfanin Shadow Mountain na jihar Utah yana da jerin da ya kira Proper Romance, wanda wa'azinsa kaɗan ne. Blackmoore na Julianne Donaldson, 2013, daga nan ya fito, ko da yake soyayyarsa ta rinjayi bincikensa.

Batun gane littafi kafin a fara kuwa, bango ya daina faɗin gaskiya, sai dai kalmomin da ake tallarsa da su. In kin ga “clean” ko “sweet” ko “kisses only”, to ba a wuce sumba ba. “Closed door” yana nufin abin ya faru amma an ja ƙofa ba a nuna ba. In kuwa kika ga “dark romance” ko “spicy” ko “steamy”, ko hoton barkono a jere, ki yi gaba abinki, ina kyautata zaton irinsu kika goge. Ki kuma tuna mai tsabta a ma'aunin Bature yana ɗauke da sumba, da rawa, da giya a kan tebur, da keɓewar saurayi da budurwa. Wannan duka ƙofa ta farko ce. Ta biyun dabarata ɗaya ce: ki shiga Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke yin sharhin littattafai, ki bar masu yabo, ki gangara wurin waɗanda suka ba littafin tauraro ɗaya ko biyu. Mai fushi ba ya rufa wa littafi asiri. In akwai fyaɗe ko lalata tsakanin 'yan'uwa ko cin zarafin yara, a nan za ki ji. Wani lokaci za su ɓata miki ƙarshen labarin, amma gara haka.

Fatalwa ma ki sa mata ido in tana damun ki. Zuriyar Radcliffe, wato Collins da Stewart da Holt da Whitney, fatalwarsu mutum ce mai neman gado. Barbara Michaels kuwa, wadda masaniyar tarihin tsohuwar Masar ce mai digirin digirgir, ba ta batsa, amma a wasu littattafanta ana zaman kiran ruhin matattu kuma ruhin yana amsawa har ya hau kan mutum.

Akwai wani abu da babu tambarin da zai nuna miki shi, kuma shi ya fi damuna game da 'yar shekara 16. A 1973 marubuciya Joanna Russ ta yi wata maƙala a kan waɗannan littattafai, take kawai ya isa: wani yana neman kashe ni, kuma ina jin mijina ne. A yawancinsu maza biyu ne. Ɗaya mai fara'a da ladabi, ɗaya mai ɗaure fuska da baƙar magana, wanda ya girmi jarumar kuma shi ke biyan ta albashi. Daga ƙarshe mai fara'ar ne mugun, mai tsawar kuma ashe so ne ya yi masa yawa. A littafi dabara ce ta ɓatar da sawu, kuma tana aiki. Amma yarinyar da ta haɗiye ashirin irinsu a jere tana iya fara ɗaukar wulaƙanci alamar zurfin ciki. Ba na cewa a hana ta. In ta gama littafi ki zauna ki tambaye ta, da ke ce, a wane shafi za ki tattara kayanki?

Ga ita ƙanwar, ki fara mata da Nine Coaches Waiting, sannan Whitney, sannan Jane Eyre. In Turancin Brontë ya yi mata nauyi, akwai sauƙaƙƙen bugu a jerin Oxford Bookworms da Penguin Readers. Na Brontë da Collins da Radcliffe duk kyauta ne a shafin Project Gutenberg, tunda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, amma na du Maurier da Stewart da Holt sai an saya ko an ara. In kuma kika ga ta fara zargin kowace ƙofa a gidanku, ki ba ta Northanger Abbey na Jane Austen, wanda ya fito a ƙarshen 1817. Yarinya ce 'yar shekara 17 da ta sha Udolpho ta ƙoshi, aka gayyace ta wani tsohon gida. Da dare ana ruwa da iska ta yi ta fama da makullin wani baƙin kabad har ya buɗe, ta lalubo wasu takardu a naɗe a can ciki, kyandir ya mutu kafin ta karanta. Ta yi ta juyi a gado tana jiran asuba, sai can cikin dare barci ya sace ta. Da gari ya waye ta warware su hannunta yana rawa, ashe lissafin kayan wanki ne: riguna, safa, da abin da ake bin mai su.